Steve Biko: Tambayoyi da amsoshi kan rayuwarsa, kisansa da tasirinsa

Duk wanda aka ce ya ambaci jagoran yaƙi da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, sunan Nelson Mandela ne zai fara zuwa bakinsa. Sai dai daga 1964 Mandela yana tsare a tsibirin Robben, an hana jarida buga hotonsa ko kalamansa, jam'iyyarsa ta ANC kuma shugabanninta na ƙasashen waje suna gudun hijira. A cikin wannan shirun ne wani ɗalibin likitanci mai suna Steve Biko ya tashi ya sake hura wutar da gwamnati ta ɗauka ta mutu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Steve Biko?

Cikakken sunansa Bantu Stephen Biko. An haife shi ranar 18 ga Disamba 1946 a yankin da yanzu ake kira Gabashin Cape, ya tashi a Ginsberg, unguwar baƙar fata da ke gefen garin King William's Town, wanda aka sauya wa suna zuwa Qonce a 2021. Ɗan ƙabilar Xhosa ne kamar Mandela. Mahaifinsa ya yi aikin ɗan sanda kafin ya koma akawu, ya rasu a 1950 Steve yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa Alice ce ta riƙe 'ya'ya huɗu da aikatau a gidajen Turawa da girki a asibitin Grey.

Ya rasu ranar 12 ga Satumba 1977 a hannun 'yan sanda, yana da shekara 30. Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, bai kammala digiri ba, kuma gwagwarmayarsa duka ba ta wuce shekara goma ba.

Wane irin zamani ya tarar?

Jam'iyyar National Party ta Turawa masu magana da harshen Afrikaans ta hau mulki a 1948, ta mayar da wariyar da aka daɗe ana yi ta zama doka dalla-dalla. Dokar 1950 ta rarraba jama'a bisa launin fata, wata dokar ta wannan shekarar ta yanka wa kowane jinsi unguwar da zai zauna. A 1953 aka kawo tsarin ilimin Bantu, wanda manufarsa ita ce a koya wa yaron baƙar fata abin da zai ishe shi yin leburanci kawai. Ƙasar noma kuwa tun 1913 doka ta halatta ƙwace ta, har ya zama mafi rinjayen jama'a ba su da haƙƙin mallaka sai a cikin kusan kashi 13 cikin 100 na ƙasarsu.

Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville, a wajen zanga-zangar ƙin takardar fasfo ta cikin gida da ake tilasta wa baƙar fata yawo da ita. Watan da ya biyo baya aka haramta ANC da PAC, jam'iyyar da ta ɓalle daga ANC. Shari'ar Rivonia ta ƙare a 1964 da ɗaurin rai da rai ga Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da sauransu. Bayan wannan sai tsoro ya rufe ƙasa. Mutum ba ya yarda da maƙwabcinsa, saboda 'yan leƙen asiri sun cika unguwanni, iyaye kuma suna ja wa 'ya'yansu kunne kada su kusanci siyasa.

Yaya aka yi ya shiga siyasa?

Siyasar ce ta same shi. A 1963 ya shiga makarantar Lovedale inda yayansa Khaya ke karatu. Ba a jima ba aka kama Khaya bisa zargin yana da alaƙa da Poqo, reshen PAC mai ɗauke da makamai, aka haɗa da Steve aka yi masa tambayoyi, daga nan makaranta ta kore shi ba tare da ya yi laifin komai ba. Ya ƙarasa sakandare a St Francis da ke Mariannhill, makarantar Katolika a Natal, a 1966 kuma ya samu shiga sashen likitanci na Jami'ar Natal da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba a Durban.

Me ya raba shi da Turawan da ke adawa da wariya?

A jami'a ya shiga NUSAS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda ke sukar gwamnati amma Turawa masu jin Ingilishi ne ke jan ragamarta. A Yulin 1967 aka yi babban taronta a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Hukumar jami'ar ta bi doka, ta ba wakilai Turawa ɗakunan kwana, baƙar fata kuwa aka tura su kwana a wani coci. Biko ya nemi a dakatar da taron har sai an samu wurin da kowa zai kwana tare. Abin da aka iya yi shi ne yin tir da jami'ar, aka ci gaba da taro, dare ya yi kowa ya tafi inda doka ta ajiye shi.

Wannan ne ya tsaya masa a rai. Ya lura cewa a irin waɗannan ƙungiyoyi Bature ne ke magana, shi ke rubuta takarda, shi ke cewa ga abin da ya kamata baƙar fata ya ji game da wahalarsa, alhali idan an tashi taro gidansa mai lambu zai koma. Baƙar fatan da ke zaune a wajen, da yake Ingilishi ba harshensa na gida ba ne kuma an tarbiyyantar da shi a kan yi wa Bature shiru, sai ya zama ɗan kallo a yaƙin da yake nasa. A Disambar 1968 Biko da abokansa irin su Barney Pityana suka tsara kafa SASO, ƙungiyar ɗalibai baƙar fata zalla, aka ƙaddamar da ita a Yulin 1969 a jami'ar Turfloop, aka zaɓe shi shugaba na farko.

Abin dariya, gwamnati ta fara yin murna. Ta ɗauka yaran sun karɓi koyarwarta ta kowa ya tsaya cikin jinsinsa. Sai da ta karanta abin da suke rubutawa ta gane kurenta.

Mece ce aƙidar da ya yaɗa?

Sunanta Black Consciousness, wato farkar da baƙar fata ya san kansa da darajarsa. Tushenta shi ne abin da Biko ya faɗa cewa makami mafi ƙarfi a hannun azzalumi shi ne tunanin wanda ake zalunta. A ganinsa bindiga da kurkuku kaɗai ba za su iya riƙe miliyoyin mutane ba, sai idan su kansu sun yarda a zuciya cewa su ƙasƙantattu ne.

Ya kwatanta mutumin da wariya ta ƙera: a bayan gida, inda ba mai ganinsa, fuskarsa na murtuke da tsinuwa ga Bature, amma da maigida ya ƙwala masa kira sai ya fito da sauri yana murmushi. A bas ɗin komawa unguwa yana cikin masu zagin gwamnati, a gaban ɗan sanda kuma shi ne farkon mai yabonta. Biko bai faɗi haka don ya ci zarafin talaka ba. Yana nuna cewa mutumin da aka raba gida biyu haka ba zai iya tsayawa ya nemi haƙƙinsa ba, ko da an buɗe masa ƙofa. Don haka aikin farko shi ne a dawo masa da mutuncinsa, a koya masa tarihinsa da littafin makaranta ya mayar da shi labarin yaƙe-yaƙen ƙabilanci da camfi, a kuma nuna masa zai iya gina abu da hannunsa. Har man bilicin da mata ke shafawa da miƙar da gashi sai da ya yi magana a kai, yana cewa alama ce ta mutum yana gudun kansa. Wanda ya leƙa shagon kayan kwalliya a Kano ko Accra yau ya san maganar ba ta tsufa ba.

Ya riƙa rubuta waɗannan a mujallar SASO da sunan aro, Frank Talk. Ya karanta Frantz Fanon da Aimé Césaire da masu fafutukar baƙar fata na Amurka, amma misalansa duka daga unguwannin Afirka ta Kudu ya ɗebo su. Taken ƙungiyar shi ne: baƙar fata, ba ka da kowa sai kanka.

Su wane ne "baƙar fata" a wurinsa?

Duk wanda doka ta danne saboda launinsa kuma ya tsaya ya yi yaƙi da dannewar: 'yan asalin Afirka, Indiyawa, da masu ruwa biyu. Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin raba waɗannan uku ta hanyar fifita wani a kan wani da ɗan ƙarin albashi ko unguwa mai ɗan dama, Biko kuwa ya haɗa su a inuwa ɗaya. Shi ya sa ake samun Indiyawa irin su Strini Moodley da Saths Cooper a sahun gaba. A ɗaya ɓangaren, ɗan sanda baƙar fata da ke dukan 'yan'uwansa don gwamnati, ko shugaban da ya karɓi sarautar yankunan ƙabilu na jeka-na-yi-ka da ake kira Bantustan, Biko ba ya lissafa shi a ciki. Ya soki Kaiser Matanzima na Transkei, bai kuma kyale Gatsha Buthelezi na KwaZulu ba, duk da Buthelezi yana cewa daga ciki yake yaƙar tsarin.

Ashe wannan ba wariya ba ce aka juya ta?

Mutane da yawa sun yi wannan zargin, ciki har da wasu 'yan ANC. Donald Woods, editan jaridar Daily Dispatch ta East London, ya yi ta rubuta haka, har Dokta Mamphela Ramphele ta je ofishinsa ta ƙalubalance shi ya je ya ga mutumin da yake suka. Ya je, suka zama aminai. Cikin makusantan Biko akwai limaman cocin Anglican Turawa kamar Aelred Stubbs da David Russell.

Abin da Biko ya ce yana so a ƙarshe shi ne ƙasa ɗaya, ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum, ba tare da maganar rinjaye ko tsiraru ba. Ware kai a wurinsa mataki ne: sai ka tsaya da ƙafarka kafin haɗin kai ya zama na tsara da tsara. Ga Bature mai kishin gaskiya kuwa shawararsa ita ce ya je ya yi wa 'yan'uwansa Turawa wa'azi, don a can cutar take. A ganina zargin bai tsaya ba, domin mai wariya yana da 'yan sanda da kotu da majalisa, su kuma waɗannan ɗalibai abin da suka hana Bature kawai shi ne kujera a taronsu.

Me ake nufi da cewa an yi masa takunkumi?

A 1972 aka sallame shi daga makarantar likitanci, siyasa ta cinye karatun. A shekarar aka kafa ƙungiyar siyasa ta Black People's Convention, BPC, don kai aƙidar wajen jami'a, shi kuma ya kama aiki da shirin Black Community Programmes. A farkon 1973 gwamnati ta ɗora masa takunkumi. Ba a kai shi kotu ba, minista ne kawai ya sa hannu. An mayar da shi King William's Town, an hana shi fita daga gundumar, an hana shi zama da fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, an hana shi jawabi ko shiga makaranta, kuma laifi ne wani ya buga abin da ya faɗa.

Nufinsu a manta da shi. Sai ga shi ƙaramin garin ya zama mahaɗa. Ofishinsa yana cikin wani tsohon coci a titin Leopold, 'yan jarida da jami'an diflomasiyya da ɗalibai suna tururuwa. Idan baƙi sun yi yawa sai su shigo ɗaya bayan ɗaya, ko a yi kamar kowa harkar gabansa yake. Ya kuma riƙa karatun lauya ta wasiƙa.

Ban da magana, me ya gina?

A nan ne ya bambanta da masu iya baki kawai. A farkon 1975 aka buɗe asibitin Zanempilo a ƙauyen Zinyoka, 'yan kilomitoci daga gari, Mamphela Ramphele ce likita. Ƙauye ne na mata da tsofaffi da yara, maza sun tafi ma'adinai, tamowa ta yi yawa. Asibitin yana karɓar haihuwa, yana duba marasa lafiya, yana koya wa iyaye mata abincin yara. Amma babban saƙonsa shi ne matar ƙauye ta shigo ta tarar likita baƙar fata ce, mai kula da kuɗi baƙar fata ne, kuma wurin yana tafiya da tsabta da tsari. Abin da aka ce mata tun tana yarinya ba zai yiwu ba, ga shi tana gani da idonta.

Sun kafa sana'ar dukanci a Njwaxa inda mata ke ɗinka kayan fata, sun farfaɗo da gidan renon yara a Ginsberg, sun buɗe asusun tallafin karatu, sai kuma asusun Zimele na taimakon waɗanda suka fito daga kurkukun siyasa da iyalansu. Gwamnati ta gane haɗarin. A ƙarshen 1975 ta ƙara tsananta takunkumin don hana shi wannan aiki, a 1977 kuma ta kori Ramphele zuwa wani yanki mai nisa kusa da Tzaneen a arewacin ƙasar.

Ya ɗauki makami?

A'a. SASO da BPC a fili suke aiki, kuma ba a taɓa samunsa da laifin tayar da hankali ba, duk da an tsare shi sau da dama, ciki har da kwana 101 a 1976 ba tare da tuhuma ba. Amma ba mutum ne mai sunkuyar da kai ba. An san shi da rama mari idan ɗan sanda ya mare shi.

Dandalin da ya fi samu shi ne kotu. A Satumbar 1974 'yan ƙungiyar suka shirya gangamin murnar nasarar Frelimo, ƙungiyar yaƙin neman 'yanci, a Mozambik, aka kama shugabanni, tara suka fuskanci shari'ar ta'addanci a Pretoria. A Mayun 1976 aka kira Biko shaida, mutumin da aka hana magana shekara uku ya samu kwanaki yana bayyana aƙidarsa, jarida kuma tana da damar buga abin da aka faɗa a kotu. Alƙali Boshoff ya tambaye shi me ya sa suke kiran kansu baƙaƙe alhali sun fi kusa da ruwan ƙasa. Biko ya amsa cewa haka ma Turawa sun fi kusa da ruwan hoda da rawaya a kan fari. A gaban kotun ya ambaci Mandela da Robert Sobukwe na PAC a matsayin shugabannin jama'a na gaskiya. An ɗaure mutum taran shekara biyar zuwa shida a tsibirin Robben.

Shi ya shirya boren Soweto?

Bai shirya ba, yana can a killace fiye da kilomita 900 daga Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg. Ɗaliban sakandare ne suka fito ranar 16 ga Yuni 1976 suna ƙin a koya musu lissafi da wasu darussa da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe wuta, yara irin su Hector Pieterson suka faɗi. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa da kanta ta ƙirga mutum 575 da suka mutu a watannin da suka biyo baya.

Amma zaren a bayyane yake. Onkgopotse Tiro, ɗan SASO da aka kora daga Turfloop a 1972 saboda ya soki ilimin Bantu a wajen bikin yaye ɗalibai, ya je ya koyar a makarantar Morris Isaacson ta Soweto. Cikin ɗalibansa akwai Tsietsi Mashinini, wanda ya jagoranci tattakin. Tiro bai ga ranar ba, bam da aka aika masa cikin ƙunshi ya kashe shi a Botswana a 1974.

Yaya aka kama shi, kuma me ya faru a tsare?

A Agustan 1977 ya karya takunkumi ya tafi Cape Town tare da abokinsa Peter Jones. Yana ƙoƙarin haɗa kan ƙungiyoyin da ke yaƙi da gwamnati, ya je ganin Neville Alexander, amma ganawar ba ta yiwu ba. A hanyar dawowa, ranar 18 ga Agusta, suka faɗa shingen 'yan sanda kusa da Grahamstown. Aka tsare shi ƙarƙashin sashe na 6 na dokar ta'addanci ta 1967, wadda ta ba da damar riƙe mutum ba iyaka, ba lauya, ba dangi.

A caji ofis na Walmer da ke Port Elizabeth aka ajiye shi tsirara kusan kwana ashirin. Ranar 6 ga Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a ginin Sanlam, inda 'yan sandan ciki ke yin tambayoyi, ƙarƙashin Manjo Harold Snyman. A nan ya samu mummunan rauni a ka. Maimakon a kai shi asibiti sai aka ɗaure shi da ankwa hannu da ƙafa a jikin ƙarfen ƙofa, aka bar shi a kan tabarma cikin fitsarinsa. Maganarsa ta sarƙe, ba ya iya tsayuwa sosai. Likitan gwamnati Ivor Lang ya duba shi ya rubuta cewa bai ga wata cuta ba. Gwajin ruwan ƙashin baya ya nuna jini, alamar rauni a ƙwaƙwalwa, duk da haka aka mayar da shi ɗakin tsaro ana cewa wasan kwaikwayo yake.

Ranar 11 ga Satumba aka same shi kwance yana kumfa a baki. Dokta Benjamin Tucker ya amince a tafi da shi Pretoria ta mota. Aka sa shi a bayan Land Rover tsirara, ba ma'aikacin jinya, ba takardar asibiti, aka yi tafiyar dare ta fiye da kilomita 1,100. Washegari ya cika a ƙasan ɗakin kurkukun Pretoria.

Me gwamnati ta ce, kuma wa ya tona asirinta?

Ministan shari'a da 'yan sanda Jimmy Kruger ya ce yajin cin abinci ne ya kashe shi. A taron jam'iyyarsa ya ce mutuwar ko a jikinsa, mahalarta suna dariya. Likitan da iyali suka wakilta a wajen binciken gawa, Jonathan Gluckman, ya tsegunta wa editan Rand Daily Mail Allister Sparks gaskiyar magana, wata matashiyar 'yar jarida Helen Zille ta bi diddigi, jaridar ta buga cewa babu alamar yajin abinci. Woods ya je ya ga gawar, aka ɗauki hotuna.

An yi jana'izarsa ranar 25 ga Satumba a King William's Town. Kimanin mutum 20,000 suka halarta duk da 'yan sanda sun tare motoci a hanya, aka ɗauki akwatin gawar a keken shanu, Desmond Tutu ya yi huɗuba. A Nuwamba aka zauna binciken kotu a Pretoria, lauyan iyali Sydney Kentridge ya yi wa 'yan sanda da likitoci tambayoyin da suka fito da duk abin da aka ambata a sama. Majistare Marthinus Prins ya yanke cikin 'yan mintuna cewa raunin ka ne ya kashe shi, wataƙila a wajen kokawa da 'yan sanda, kuma babu wanda ke da laifi.

Me mutuwarsa ta jawo?

Ranar 19 ga Oktoba 1977 gwamnati ta haramta ƙungiyoyi 18, kusan dukkansu na wannan aƙida, ta rufe jaridar The World, ta tsare editanta Percy Qoboza, ta sa wa Woods da limamin coci Beyers Naudé takunkumi, ta ƙwace kadarorin shirin da ke riƙe da Zanempilo. Ranar 4 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 418, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai. A baya roƙo ne kawai ake yi.

Ina Najeriya take a lokacin?

A makon farko na tsare Biko, daga 22 zuwa 26 ga Agusta 1977, Legas na karɓar baƙuncin taron duniya kan yaƙi da wariyar launin fata, zamanin Janar Obasanjo, Joseph Garba yana kwamishinan harkokin waje. Tun 1976 aka kafa asusun agajin kudancin Afirka wanda ma'aikatan gwamnati suka ba da wani kaso na albashinsu, ɗalibai da yawa da suka tsere bayan Soweto kuma suka samu makaranta a Najeriya. Mashinini kansa ya zauna a Najeriya kafin ya wuce Laberiya. 'Yan Najeriya sun daɗe suna shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, ciki har da Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule a farkon shekarun 1980, daga baya Garba da Ibrahim Gambari.

Yaya dangantakarsa da ANC?

Bai taɓa zama ɗan ANC ko PAC ba, yana girmama duka biyun, burinsa ya haɗa su. Bayan rasuwarsa mabiyansa suka rabu. Wasu suka kafa ƙungiyar AZAPO a 1978 don ci gaba da aƙidarsa. Dubban matasan da suka tsallake iyaka kuwa ANC suka shiga, don ita ke da sansani da makamai da kuɗi. Mosiuoa Lekota, ɗaya daga cikin mutum taran nan, a kurkuku ya koma ANC, daga baya ya zama ministan tsaro. Cyril Ramaphosa ɗan SASO ne a Turfloop, an tsare shi wata goma sha ɗaya daga 1974. Nkosazana Dlamini-Zuma ma daga SASO ta fito. Wato Biko ya yi noma, ANC ta yi girbi. A tsakiyar shekarun 1980 har jini ya zuba tsakanin magoya bayan AZAPO da na UDF mai goyon bayan ANC. Mandela ya buɗe mutum-mutumin Biko a East London a 1997.

Ba shi da abin suka ne?

Yana da shi. Ƙungiyar ta maza ce a harshe da ɗabi'a, matan da ke ciki sai sun yi da gaske kafin a saurare su, Ramphele ta rubuta haka da kanta. Yana da mata, Ntsiki, da 'ya'ya, yana kuma da alaƙa da Ramphele wadda ta haifa masa ɗa bayan rasuwarsa. Masu ra'ayin gurguzu sun ce ya fifita launi a kan bambancin mai kuɗi da talaka, ko da yake a hirarrakinsa na ƙarshe ya yi gargaɗin cewa idan fuskokin masu mulki kawai aka sauya ba a taɓa rabon arziki ba, 'yan tsiraru baƙar fata za su haye, talaka ya ci gaba da zama inda yake. Wannan gargaɗin ne ɗaliban da suka tilasta cire mutum-mutumin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes daga Jami'ar Cape Town a 2015, da masu zanga-zangar kuɗin makaranta a shekarar, suka riƙa maimaitawa.

Fim ɗin Cry Freedom labarinsa ne na gaskiya?

Fim ɗin na 1987, wanda Denzel Washington ya fito a matsayin Biko, an gina shi ne a kan littattafan Woods. Ya sanar da duniya sunansa, amma rabinsa na biyu labarin tserewar Woods da iyalinsa ne ta Lesotho, abin da ya sa tsofaffin abokan Biko da dama suka soke shi. Mai son jin muryarsa ya nemi tarin rubuce-rubucensa da Stubbs ya haɗa a 1978, I Write What I Like.

An hukunta wani kuwa?

Likitoci ne kawai, su ma da ƙyar. Majalisar likitocin ƙasar ta wanke su a 1980, sai da wasu likitoci irin su Frances Ames da Phillip Tobias suka kai ƙara kotu aka tilasta mata sake zama. A 1985 aka cire sunan Tucker daga rajista, Lang kuma aka ja masa kunne. An mayar da Tucker a 1991 bayan ya nemi afuwa. Gwamnati ta biya iyali rand 65,000 a 1979 ba tare da amsa laifi ba. Kruger ya zama shugaban majalisar dattawa, ya mutu a 1987.

A 1997 'yan sanda biyar suka nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa: Snyman, Daantjie Siebert, Ruben Marx, Johan Beneke da Gideon Nieuwoudt. Sun amsa cewa sun yi ƙarya a 1977, sun ce kansa ya bugi bango a wajen kokawa. Hukumar ta hana su afuwa, don ba ta gamsu sun faɗi gaskiya duka ba. Wannan ya buɗe ƙofar gurfanar da su, amma a 2003 gwamnatin ANC ta ce babu isasshiyar shaida ta kisan kai, tuhumar da ta fi sauƙi kuma lokacinta ya wuce. Bayan da wata kotu a 2017 ta soke tsohon hukuncin cewa ɗan gwagwarmaya Ahmed Timol kashe kansa ya yi a tsare, ta ce 'yan sanda ne suka kashe shi a 1971, iyalai da dama suka matsa a sake duba nasu. Ranar 12 ga Satumba 2025 hukumar gabatar da ƙara ta sake buɗe binciken mutuwar Biko a babbar kotun Gqeberha, sabon sunan Port Elizabeth, a lokacin da mafi yawan waɗanda ke cikin ɗaki na 619 sun riga sun mutu.